Aut da Naut, da Hular da Na Dawo da Ita daga Makka

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai ni ɗakinsa, ya kuma mayar da ni Kazaure da ƙafafuna biyu.

Yau mako uku ke nan da dawowata daga Umara, har yanzu ban huta da tambaya ba. Abin mamaki, mutum biyu kawai suka tambaye ni yadda Ka'aba take. Sauran duk hula suke tambaya. Ranar Juma'a ma abokina Alhaji Tanko ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam Sidi, mutane na dawowa daga Makka da makawiya da haƙorin zinare, kai ka dawo da faifai a ka?"

Hular ta ulu ce, ruwan toka, shimfiɗaɗɗiya kamar wainar da aka zauna a kai, da ɗan baki a gaba. Tun da bakina ya gaji, na ce bari in rubuta labarin da ajamina kamar yadda na saba, a juya wa 'yan boko, kowa ya huta.

Sai na fara da Inna, Allah ya jiƙanta, don ba za a gane hular ba sai da ita. Mahaifiyata tana da randa a ƙofar gidanmu tun ina yaro. Kullum da safe ta cika ta, ta ɗora moɗa a kan murfi saboda masu wucewa. Amma da zarar ta ji ƙarar moɗa, ko tana bakin zaure ne, sai ta shige ciki da sauri. Ba ta taɓa tsayawa an gode mata ba. A ciwonta na ajali ta kama hannuna ta ce, "Sidi, ni Allah bai nufe ni da zuwa ba. In ka je, ka kafa mini randa a can. Ka yi wa wani baƙo alheri guda ɗaya wanda ba zai saka maka da komai ba, ladan ya zama nawa." Na ce to. A zuciyata ina cewa wannan ai aikin yini ɗaya ne, ni kuwa kwana goma zan yi.

Daga Kazaure zuwa Kano ba abin faɗi. A Kano ne na yi wayon farko: na ɗaura harami tun a ƙasa, wai kada jirgi ya wuce miƙati ina barci. Ba wanda ya gaya mini cikin jirgi firji ne. Awa biyar ina zaune da mayafi biyu, haƙorana na karatun da ban sa su ba. Aka kawo abinci a 'yan ƙananan mazubai kamar na wasan 'yartsana, na cinye duka har da abin da daga baya na gane man shafa wa burodi ne.

A Jidda, wajen duba fasfo, na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni. Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da alƙalami da fartanya, zanen yatsuna ya shafe. Jami'in ya danna, ya goge, ya danna. Na buɗe baki na yi masa bayani da Larabcin da na koya a littafi, da wasullansa cif-cif. Ya tsaya yana kallona, ya kira na kusa da shi ya ce ya zo ya ji huɗuba. Daga ƙarshe ya nuna mini in shafa yatsan a goshi. Maiƙon goshi ya yi abin da Larabci ya kasa, aka buga mini hatimi.

A waje ɗan baffana Alhaji Sale yana jira. Ba mu taɓa ganin juna ba. Mahaifinsa ya tafi Hajji a ƙasa tun kafin a haife ni, ya zauna, a can aka haifi Sale. Na ce yaya zan gane shi cikin wannan taro? Sai ga kunnuwan gidanmu suna tahowa a ƙarƙashin farin mayafi. Ya rungume ni ya ce, "Yaya Malam, ahlan, ahlan! Wallahi ka yi kama da Baba marra. Yalla, mu shiga sayyara." Hausarsa irin ta tsofaffin Kazaure ce, wadda mu ma muka manta, amma an yi mata faci da Larabci ta ko'ina.

Gidansa a unguwar Zahir yake, hawa na uku. Ba tsakar gida, ba zaure, ba akuya. Maƙwabcinka yana bisa kanka, kana jin takunsa, amma sai ka yi kwana uku ba ku gaisa ba. Da safe wake ne da aka dama da mai, ana ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da rana shinkafa da kaza. Ranar farko Sale ya zuba mini gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙa, ya ƙara. Na shanye na miƙa, ya ƙara. Ni ina jin kunyar in ce ya isa, shi yana jin kunyar ya daina. Sai a kofi na tara 'yarsa Ramlatu ta leƙo ta ce, "Ya Baffa, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Za ka ƙarar mana da gahawar wata." Ramlatu babbar mace ce mai 'ya'ya uku, malamar Turanci a makarantar mata, kuma ta yi shekara biyu tana karatu a arewacin Ingila. A riƙe sunanta, za ta dawo.

Na yi Umarata lafiya. Abin da na ji da na ɗaga ido na ga ɗakin Allah, wannan ba na alƙalami ba ne, na bar shi a inda yake.

Washegari na fita neman wanda zan kafa wa randar Inna. A nan na gane Makka ba garin da ake rasa mai bayarwa ba ne, mai karɓa ake rasa. Ruwa? Ga Zamzam a kowace kusurwa. Na sayi dabino na miƙa wa wani dattijo Baturke, ya karɓi ɗaya ya cika mini hannu da alawa. Na ba wata tsohuwa hanya, ta ba ni lemo. Kwana biyu ina fita da leda ɗaya ina dawowa da biyu.

A rana ta uku, bayan Azahar, na gan shi. Wani Bature ne tsoho, jajir kamar an dafa shi, da farin gemu, a tsaye a bakin titi ba takalmi. Takalmansa sun ɓace a ƙofar Harami, kwalta kuwa ta yi zafin da za ta soya ƙwai. Yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke wannan kamar zalɓe, ga ɗaya a kumbure. Na ce Allahu Akbar, Inna ga mai shan ruwanki. Na tuɓe takalmana na ajiye masa, na juya na tafi da gudu-gudu ina tsalle a kan kwalta, kada ya gode mini.

Kuskurena ɗaya: ni mutum ne mai son wuri ɗaya. Kullum a gindin ginshiƙi guda nake salla. Washegari ina zaune sai na ji an dafa kafaɗata. Baturen ne. Ya ajiye mini takalmana an wanke su tas, ya ɗora sababbi a kai, ya ɗora laima. Na ce, "La, la, lillahi!" Ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Harun." Sa'an nan ya ɗaga yatsa ya yi wata magana, wadda a cikinta na kama kalma biyu masu amo ɗaya, aut da naut. Ya maimaita har sau uku. Na ciro ɗan littafina da nake tara baƙin kalmomi, na rubuta su. Nun guda ce kawai ta raba su.

Da na karanta wa Ramlatu, sai da ta zauna don dariya.

"Ya Baffa, a ina ka samo wannan? Wannan ba Turancin madrasa ba ne. Turancin ƙauye ne, na mutanen arewacin Ingila, wajen Yokshaya. In na rubuta shi a allo sai a kore ni daga aiki."

"Su ma suna da 'yan arewa?"

"Suna da su, kuma 'yan kudu na yi musu dariyar magana."

Na ce, "To ashe 'yan'uwa ne. Fassara mini."

Ta ce aut shi ne wani abu, ko mene ne. Naut kuma babu. Daga nan ta gane karin maganarsu ce mutumin ya yi mini, wai shi ba ya karɓar aut a kan naut, wato ba ya karɓar komai a banza. Na ce daga ina suka samo su, don ni in ban san asalin kalma ba ji nake kamar na ci abinci ban wanke hannu ba. Ta ce tsofaffi ne ƙwarai, sun girmi Turancin da ake taƙama da shi yanzu. A tsohon harshensu akwai wiht, ma'anarta abu ko halitta. Aka sa mata harafin a a gaba ta zama awiht, kowane abu. Aka sa mata na, ta korewa, ta zama nawiht, ba wani abu. Baki ya yi ta cin su shekaru aru-aru, mutanen birni suka gyara nasu suka kusa daina amfani da su, 'yan arewa suka riƙe nasu a aut da naut. Ta ce har sunan da suke kiran sifiri da shi a lissafi daga gidan naut ya fito.

Na ce, "Ramlatu, kalma ta yi kyau, amma mutumin nan zai hana Inna lada."

Na yi shiri na biyu. Na lura ƙafarsa ta hana shi ɗawafi, sai dai ya zauna yana kallon masu yi. Na samo keken tura marasa lafiya, na nuna masa ya hau. Ya yi gardama, na yi masa kallon da nake yi wa masu makara a sahu, ya hau. Na tura shi zagaye bakwai a hawa na sama, inda zagaye ɗaya ya kai daga gidanmu zuwa kasuwa. Mutumin nan kuwa ba ƙaramin buhu ba ne. Yana kuka yana addu'a da Turancinsa, ni ina haki ina addu'a da Hausata. Na ce wannan dai ba shi da abin biya, don shi ba zai iya tura ni ba.

Muna fitowa farfajiya na zauna in huta. Kafin in ankara ya ciro man zafi daga jaka, ya kama ƙafata ya ɗora a cinyarsa ya hau matsa. A gaban jama'ar Annabi! Wasu alhazai 'yan Sakkwato suka tsaya suna kallo, ɗaya ya ce, "Lalle malam ya taki sa'a, Bature ka yi mai tausa." Na ja ƙafa, ya riƙe. Abin haushin, tausar ta yi daɗi.

Na kai ƙara wajen Sale. Ya yi tunani ya ce, "Yaya Malam, kawo shi gida. Baƙo ba ya biyan tuwo, halas."

Ranar kwana na bakwai muka ɗauko shi a mota. Matar Sale, Hajiya Zainabu, ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da ni na kawo musu tsaraba. Malam Haruna, don haka muka koma kiransa, ya kalli miyar ya kalle ni, ya yi bisimilla ya sa hannu. Ya cinye malmala biyu, gumi na zuba. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Sai ya miƙe, ya tattara kwanuka, ya nufi kicin.

Ba mu gane abin da yake nufi ba sai da muka ji salatin Hajiya Zainabu. Ta fito a guje da ludayi a hannu tana jan mayafi. "Ya Sattar! Abu Ramla, namiji a kicin ɗina! Yana neman soso!" Ramlatu ta bi shi tana Turanci da sauri, tana gaya masa a nan baƙo in ya wanke kwano ya zagi masu gida har kakanninsu. Ya ajiye soson, ransa a ɓace. Amma yana juyowa sai ya karkata kai kamar mai jin kiran salla daga nesa. Famfon kicin ne ke ɗiga. Ashe mutumin aikin famfo ya yi shekara arba'in kafin ya huta, kafin ya musulunta bayan rasuwar matarsa. Ya nemi sifana. Kafin La'asar ya gyara famfon da ya yi shekara biyu yana ɗiga, ya wuce ya gyara na banɗaki.

Sale ya matso kusa da ni ya rage murya. "Yaya Malam, ka sake gayyato shi gobe. Injin da ke kai ruwa sama ma yana ciwo."

Na ce, "Kai ma ka koma bayansa?"

Da muka zauna shan shayi, na ce Ramlatu ta tambaye shi don Allah mene ne laifin karɓar kyauta. Ya ajiye kofi ya fara magana, ita kuma tana mayar mana. Ya ce yana ɗan shekara tara aka rufe masaƙar da mahaifinsa ke aiki. Wata rana masu taimako suka kawo musu kwalin abinci har ƙofar gida, maƙwabta na leƙe ta taga. Uban ya karɓa don yara na jin yunwa, ya ce an gode, sa'an nan ya yi mako bai fita waje ba. Da ya fita, ya jawo hularsa har kan ido. Tun ranar ya sa ɗansa ya yi masa alkawari.

Ramlatu ta juyo gare ni. "Baffa, ga wata da za ka sa a littafinka. Kalmar da suke gaya wa yaro marar ji, noti, ita ma 'yar naut ce. Da can ma'anarta wanda ba shi da komai. A hankali ta koma mutumin banza."

Na ajiye alƙalami na ce, "Ai mu ma haka muka yi. Tsiya rashi ce. Amma yau in aka ce maka matsiyaci, ba aljihunka ake nufi ba." Ta gaya masa. Ya dube ni ya gyaɗa kai, ya ce wani abu. Ta ce, wai ashe ko'ina mai babu ne ke ɗaukar zagi.

Duk da haka ban sauka daga kan bakana ba, don saura kwana uku, randar Inna kuwa ba ko ɗigo. Na sami takarda mai kyau, na zauna yini biyu na rubuta Fatiha da hannuna irin rubutunmu na gida, na yi mata zayyana da ja da kore, na naɗe ta cikin fata. Wannan ba a sayar da ita a kanti, balle ya sayo irinta. Dabarata ita ce, ranar tafiya in mota ta fara motsi, in cusa masa ta taga, Sale ya taka mai. In yana da ƙafa ya biyo mu Jidda.

Ranar tafiya, da hantsi, Malam Haruna ya zo Zahir a tasi don sallama. An sa kaya a mota, Ramlatu na tsaye a bakin ƙofa, hannuna na cikin aljihu a kan takardar. Sai ya ciro hular nan daga jaka, ya riƙe ta da hannu biyu. Ramlatu ta ce, "Wai hular mahaifinsa ce. Ya ce ya auna, famfo ya biya tuwo, amma tausa ba ta biya ɗawafi ba, kwana huɗu abin na damunsa. Wai in ka karɓi wannan kun yi daidai."

Ta ga hannuna a aljihu, don ta san shirin. Ta ce da Hausa, a hankali, "Baffa, in ka ba shi takardar nan, da ita zai koma Ingila a wuya. Ba shi da adireshinka. Zai mutu yana neman Kazaure a taswira."

Na dubi mutumin. Yana riƙe da hular, yana jira kamar mai jiran hukunci. Ban san dalili ba, sai ƙarar moɗa ta faɗo mini a rai, da bayan Inna tana shigewa zaure. Shekara sittin ina zaton gudun godiya take yi don kada ladanta ya ragu. Ban taɓa kawo wa raina mai shan ruwan ba, wanda zai sha ya goge baki ya wuce kamar randar ubansa ce. Ashe nauyin godiya take ɗauke masa.

Na zare hannuna daga aljihu ba komai a ciki. Na karɓi hular da hannu biyu, na cire tawa, na ɗora ta a ka cikin wannan rana ta Makka. Na ce Ramlatu ta gaya masa ya yi mini abin da ba zan iya sakawa ba, na gode, ya ci ni.

Da ma kun ga fuskarsa. Kamar an sauke masa buhu. Ya yi dariya har ana ganin giɓinsa, ya gyara mini zaman hular, ya rungume ni. Da na shiga mota ya leƙo ta taga ya yi tambaya, na ji aut a ciki. Ramlatu ta buɗe baki za ta fassara, na ɗaga mata hannu. Wannan na gane: akwai sauran wani abu?

Takardar na nan a aljihuna, gefenta na sukar cinyata. Na ce, "Naut."

Ko wannan ya cika wasiyyar Inna, na tambayi malamai biyu, sun ba ni amsa uku. Na bar wa Mai shi. Fatihar tana cikin akwatina, randa kuwa na mayar da ita ƙofar gida, ina cika ta da safe, ina kuma koyon shigewa ciki da sauri, ko da yake gwiwa ba ta kai ta Inna ba.

To Alhaji Tanko, ka ji asalin faifai. Zafi kam tana da shi, ƙaiƙayi ma haka. Amma ka daina cewa in ba ka aro ka je ɗaurin aure, don ni ma yanzu ba na ba da aut a kan naut. Allah ya kai wanda bai je ba, ya jiƙan Inna da mahaifin Malam Haruna, ya sa mu cika da imani.